Ranar da Gwaggo Ta Kayar da Ɗalibaina

Kowace shekara, a makon farko na darasin saikoloji da nake koyarwa a wata kwalejin horar da malamai, nakan shiga aji da wani kwali a naɗe a hammata. A jikinsa an jera sunayen launuka: ja, kore, shuɗi, baƙi, rawaya. Sai dai kalmar "ja" da koriyar tawada aka rubuta ta, "kore" da shuɗiya, "baƙi" da ja, haka har ƙasa. Umarnin ɗaya ne: kada ka karanta kalmar, faɗi launin tawadar kawai, kuma da sauri. Ban taɓa samun ɗalibin da ya kai ƙarshen kwalin bakinsa bai sarƙe ba. Wani ya fara da ƙarfinsa, yana isa layi na biyu sai ka ji "ja... a'a, kore!" aji ya kwashe da dariya. Bara wani ya ce mini, "Malam, wallahi an yi wa kwalin nan asiri."

Da hutu na tafi gida da kwalin a jaka, na miƙa wa Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ba ta taɓa zama ajin boko ba. Ta riƙe shi nesa da fuskarta, ta bi launukan tiryan-tiryan, "tsanwa, shuɗi, ja, ruwan ɗorawa," ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ta miƙo mini abina ta ce, "Kai ɗan nan, a kan wannan ake ba ka albashi?" Washegari na sa wani gardi ya rubuta mini kalmomin da ajami, wanda shi Gwaggo take karantawa kamar ruwa. Nan fa bakinta ya fara sarƙewa kamar na ɗalibaina, har ta ji haushi ta ture kwalin gefe ta ce tana da aikin yi.

Wannan wasa ba ni na ƙirƙira shi ba. Wani Ba'amurke ne mai suna John Ridley Stroop ya buga shi a 1935, a jihar Tenesi. Ya auna da agogo ya ga cewa mutanen da ke faɗin launuka ɗari a daƙiƙa 63 idan a kan murabba'ai aka shafa su, sai sun kai daƙiƙa 110 idan launin ya saɓa da kalmar da aka rubuta. Dalili kuwa, wanda ya ƙware a karatu ba ya iya hana idonsa karantawa. Kalmar takan riga launin isa baki. Shi Stroop ɗin daga baya ya bar irin wannan bincike, ya fi karkata ga koyar da addinin Kirista, amma gwajinsa ya zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi maimaitawa a duniya, kuma duk inda aka yi shi da masu karatu sai ya fito.

Reshen saikoloji da ke nazarin yadda muke gani, da tunawa, da mai da hankali, da yanke shawara, matsalarsa ta farko ita ce abin da yake bincike ba ya ganuwa. Likita zai iya sa jini a ƙarƙashin madubin ƙara girma, amma wa zai sa tunani a kan faranti? Hanya mafi sauƙi ita ce a tambayi mutum abin da ya gudana a zuciyarsa, kuma da haka aka fara a ƙarshen ƙarni na 19. Sai aka gano cewa mutum ba shaida ne mai kyau a kan kansa ba. A wani bincike da Richard Nisbett da Timothy Wilson suka buga a 1977, an jera safar mata ƙafa huɗu a kan tebur a wani kanti, aka ce masu wucewa su zaɓi wadda ta fi kyau. Duk iri ɗaya ce, babu bambanci ko na zare. Mutane suka riƙa zaɓar ta hannun dama, kusan ninki huɗu kan ta hannun hagu. Da aka tambaye su dalili, wannan ta ce laushi, waccan ta ce saƙa. Da aka ce ko wurin da aka ajiye ta ne ya ja su, sai suka musanta, wasu ma suna kallon mai tambayar kamar wanda ya zautu. Duk wanda ya taɓa raka matarsa sayen atamfa a Kantin Kwari ya san irin wannan bayani.

Don haka masu binciken suka koma ga abin da za a iya ƙirgawa: lokaci da kuskure. Tun 1868 wani likita ɗan ƙasar Holan, Franciscus Donders, ya nuna cewa idan ka auna lokacin da mutum ke ɗauka ya amsa alama guda, sannan ka auna lokacin da yake ɗauka idan sai ya zaɓa tsakanin alamu biyu, ratar da ke tsakani ita ce kuɗin da zaɓin ya ci. Dabarar ke nan har gobe: ka riƙe komai yadda yake, ka canza abu guda, ka ga abin da ya motsa. Nan ƙarfin wannan ilimi yake, kuma ba ƙaramin ƙarfi ba ne. Manomin da ya zuba taki a kunya ɗaya ya bar ta kusa da ita, iri ɗaya, ruwa ɗaya, shi ne zai iya bugun ƙirji ya ce takin ne ya yi aiki.

Wanda ya kai wannan dabara maƙura shi ne Hermann Ebbinghaus na Jamus. Mutumin nan ya zauna ya haɗa gaɓoɓin magana marasa ma'ana kusan 2,300, irin a ce "zuf" ko "gik" a bakinmu, don kada ma'ana ta taimaka wa hadda. Shi ne mai gwaji, shi ne kuma abin gwaji. Yakan haddace jeri, ya bari lokaci ya wuce, ya sake haddacewa, ya ga yawan wahalar da haddar farko ta rage masa. A littafinsa na 1885 ya nuna cewa bayan sa'a guda abin da ya saura bai kai rabi ba, bayan kwana ɗaya kusan kashi ɗaya cikin uku, bayan wata guda kusan kashi ɗaya cikin biyar. Wato mantuwa takan yi gudu da farko, sannan ta lafa. A 2015 wasu masana biyu a Amsterdam, Jaap Murre da Joeri Dros, suka sa mutum ɗaya ya kwashe sa'o'i 70 yana maimaita aikin, sakamakon ya fito kusan kamar na shekara 130 da suka wuce. Ebbinghaus ya kuma gano cewa maimaici a rarrabe cikin kwanaki ya fi maimaici a zama ɗaya, abin da kowane alaramma ya sani, shi ya sa tilawa ba ta yankewa a tsangaya.

To amma wa ke haddar "zuf" da "gik" a rayuwarsa? Abin da aka cire don gwaji ya tsarkaka, wato ma'ana, da tsoro, da sha'awa, da mutanen da ke kewaye, shi ne ainihin abin da tunanin mutum ke aiki da shi kullum. Ulric Neisser, wanda littafinsa na 1967 ya raɗa wa wannan fage suna, shi da kansa ya dawo bayan shekara tara da wani littafin yana kuka cewa abokan aikinsa sun kulle kansu a ɗakin gwaji, suna nazarin abubuwan da ba su da alaƙa da yadda mutane ke rayuwa.

Misalin da nake daɗewa a kai da ɗalibai shi ne na hatsarin mota, domin kowa a ajin ya taɓa tsayawa a bakin titi yana jin mutum biyar suna ba da labarin karo guda ta fuska biyar. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer suka nuna wa ɗalibai 45 fim ɗin karon motoci, suka tambaye su gudun da motocin ke yi. Kalma ɗaya kawai suka canza a tambayar. Waɗanda aka ce wa "lokacin da motocin suka ragargaji juna" suka ce gudun ya haura mil 40 a sa'a, wato wajen kilomita 65. Waɗanda aka ce wa "lokacin da suka taɓa juna" suka ce kusan mil 32, wajen kilomita 51. Fim ɗaya, ido iri ɗaya. A gwaji na biyu da ɗalibai 150, aka bar su mako guda sannan aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Babu gilashi ko ɗaya a fim ɗin. Cikin 50 da suka ji kalmar ragargaza, 16 suka ce sun gani. Cikin 50 da suka ji wata kalmar, wato bugu, 7 ne kawai. Ashe tambaya na iya shuka abin da ido bai gani ba. Wannan bincike da waɗanda suka biyo shi sun sa an gyara yadda 'yan sanda ke yi wa shaidu tambayoyi a ƙasashe da dama, kuma ni ina ganin duk mai shirin zama alƙali ko ɗan sanda a ƙasar nan ya kamata a karantar da shi.

Sai dai ɗalibin da ke zaune a kujera yana kallon fim, ya san ba wanda zai mutu, ba wanda za a ɗaure saboda amsarsa. A 1986 John Yuille da Judith Cutshall suka bi sawun wani harbi na gaske da aka yi a gaban wani shagon sayar da bindigogi a yankin Bankuba ta Kanada. Suka samu mutum 13 cikin waɗanda abin ya faru a idonsu, suka yi musu tambayoyi bayan wata huɗu zuwa biyar, har da tambayoyin yaudara irin na Loftus. Shaidun suka tsaya kan abin da suka gani, bayaninsu ya yi daidai ƙwarai da abin da 'yan sanda suka tattara, yaudarar ba ta kama su ba. To wa ya yi gaskiya? Ɗakin gwaji yana da iko a kan komai amma abin da ke cikinsa kwaikwayo ne. Titi gaskiya ne amma mutum 13 ne kawai, su ma waɗanda suka yarda su yi magana, kuma ba wanda ya san sau nawa suka ba da labarin a gida har ya zauna musu. Ɗalibaina sukan so in zaɓa musu ɗaya. Nakan ƙi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tambayar su wa ake gwadawa. A 2010 Joseph Henrich da Steven Heine da Ara Norenzayan suka fito da wani lissafi da ya girgiza fagen: a manyan mujallun saikoloji da aka duba, kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi bincike a kansu daga ƙasashen Yamma masu arziki suke, ƙasashen da jimillarsu kashi 12 ne kacal na mutanen duniya. Amurka kaɗai ta kwashe kashi 68, yawancinsu kuma ɗaliban jami'a ne da ke neman maki a darasin malamin da ke binciken. Daga nan sai a rubuta "ɗan Adam yana yin kaza". Ni da nake karantar da littattafan nan a aji mai ɗalibai daga Gumel da Funtuwa da Azare, nakan tsaya in tambayi kaina: wane ɗan Adam?

Da masu binciken suka fita waje ma, sau da yawa da ma'auninsu suka tafi, kamar yadda na tafi wa Gwaggo da kwalin boko. A farkon shekarun 1930 Alexander Luria na Rasha ya je ƙauyukan Uzbekistan yana yi wa manoma tambayoyin hankali. Ɗaya daga ciki: a Jamus babu raƙuma, birni kaza a Jamus yake, shin akwai raƙuma a can? Manomi ya amsa da cewa shi bai taɓa zuwa Jamus ba, amma in babban birni ne ai bai kamata a rasa raƙuma ba. Aka rubuta cewa ya kasa. Ni kuwa in na karanta amsar nan, dattijon ƙauyenmu nake ji, wanda ba zai ba da shaida a kan abin da bai gani ba don wani baƙo ya faɗa masa.

Labarin Laberiya ya fi wannan daɗi. A shekarun 1960 Michael Cole da John Gay da Joseph Glick suka yi aiki da manoman ƙabilar Kpelle. Aka zube musu kaya, abinci da tufafi da kayan aiki da mazubai, aka ce su ware su. Amsar da mai gwaji ke jira ita ce abinci gefe, kayan aiki gefe. Su kuwa sai su haɗa wuƙa da lemo, fartanya da dankali, suna cewa haka mai hankali zai yi, tunda da wuƙa ake yanka lemo. Da Glick ya gaji ya tambaye su yadda wawa zai yi, nan take suka ware abinci gefe, kayan aiki gefe, tsaf yadda littafi ke so. Waɗannan manoma kuma, da aka zo ƙiyasin gwangwani nawa na shinkafa ke cikin kwano, sun kayar da Amurkawa masu ilimi. Daga baya Cole da Sylvia Scribner suka yi nazarin ƙabilar Vai a can Laberiya, suka buga a 1981. Sun tarar cewa waɗanda suka yi makarantar allo sun fi sauran iya riƙe jerin kalmomi idan ana ƙara musu ɗaya bayan ɗaya, yadda ake biya wa yaro karatu, amma fifikon bai bi su zuwa kowane irin gwajin tunawa ba. Da ba a tsara gwajin da ya yi kama da karatun allo ba, da ba a ga ƙwarewar ba sam.

Ga wani da ya shafe mu kai tsaye. Ana yawan cewa mutum na iya riƙe lambobi bakwai a ka lokaci guda, ko ya ɗara da biyu ko ya gaza da biyu, maganar da ta samo asali daga George Miller a 1956. A 1975 Alan Baddeley da abokan aikinsa suka nuna cewa abin ya danganta da tsawon kalma: mutum na riƙe abin da zai iya furtawa cikin kusan daƙiƙa biyu. A 1980 aka gano cewa yaran yankin Wels na Birtaniya suna samun maki ƙasa a gwajin lambobi idan da harshensu aka yi, don kawai lambobinsu sun fi na Ingilishi ɗaukar lokaci a baki. Yanzu ka ƙirga namu: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida, bakwai, takwas, tara. Kowace gaɓa biyu ce. A Ingilishi, daga ɗaya zuwa tara, bakwai ce kaɗai mai gaɓa biyu. Wanda ya ɗauko gwajin basira daga Amurka, ya fassara lambobin zuwa Hausa, ya auna ɗan Bichi da ma'aunin ɗan Shikago, yana iya rubuta wa yaron rauni alhali tsawon "takwas" ya auna.

Sai kuma ɓarnar da masu binciken ke yi da hannunsu. A 2011 Daryl Bem na jami'ar Cornell ya buga gwaje-gwaje tara da mutum sama da 1,000 a wata babbar mujalla, yana cewa mutane na iya jin abin da bai faru ba tukuna. Ya bi ƙa'idojin da kowa ke bi, shi ne abin tsoron. In ƙa'ida za ta iya tabbatar da duba, to ƙa'idar ce ke da ciwo. Ciwon kuwa sananne ne: mutane kaɗan a gwaji, juya lissafi ta hanyoyi da yawa har sai wata ta ba da abin da ake so, da mujallun da ba sa son buga binciken da bai samu komai ba. Masu hoton ƙwaƙwalwa ma ba su tsira ba. A 2009 Craig Bennett ya sa mataccen kifi a na'urar hoton ƙwaƙwalwa, ya nuna masa hotunan mutane, lissafin da ba a tace ba ya nuna wai ƙwaƙwalwar kifin na aiki.

A 2015 masana 270 ƙarƙashin jagorancin Brian Nosek suka ɗauki bincike 100 da aka buga, suka sake yin su. A asali 97 sun ce sun samu sakamako. A maimaici kashi 36 cikin ɗari ne suka fito. Da aka raba, na fagen tunani da fahimta kusan rabi suka tsaya, na fagen zamantakewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Rabi ba abin a yi guɗa ba ne, amma akwai dalilin da ya sa na fagen tunani ya fi tsayawa: a gwaji irin na Stroop mutum guda yakan amsa sau ɗaruruwa, kuma da kansa ake gwada shi, don haka sa'a ba ta da wurin ɓuya sosai.

Akwai wanda ya yi mini zafi ni kaina. Shekaru na yi ina gaya wa ɗalibai cewa mai harshe biyu ya fi mai harshe ɗaya iya sarrafa hankalinsa, kuma suna jin daɗi, tunda kusan kowa a ajin yana da Hausa da Ingilishi, wani da Fulatanci ko Barbarci a kai. Sai Angela de Bruin da abokan aikinta suka bi binciken da aka gabatar a taruka daga 1999 zuwa 2012, suka ga cewa cikin waɗanda suka goyi bayan maganar kashi 63 sun samu shiga mujalla, cikin waɗanda suka saɓa mata kashi 36 kawai. Har yanzu masana na ja-in-ja a kai. Na cire shi daga cikin abin da nake faɗa da tabbaci, ba da son raina ba.

Abin da ya sa ban yar da littafin ba shi ne, duk wannan tonon silili 'yan gida ne suka yi shi, da kayan aikin gidan. Tun 2013 wasu mujallu suka fara karɓar tsarin bincike kafin a tattara bayanai, su yi alƙawarin bugawa ko me ya fito, don kada mai bincike ya harba kibiya sannan ya je ya zana da'ira inda ta faɗi. Yanzu kuma ana haɗa ɗakunan gwaji na ƙasashe da yawa su yi aiki guda tare. Ni dai duk sanda aka turo mini saƙo a WhatsApp cewa "bincike ya nuna", abu uku nake nema kafin in tura wa wani: su wa aka gwada, su nawa ne, kuma wani ya sake yi ya samu?

Kirana ga ɗalibanmu masu neman digiri na biyu da na uku a Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai shi ne su rage raba takardar tambayoyi ta "na yarda, ban yarda ba", su auna wani abu da agogo. Muna da mahaddata da ke riƙe izu sittin a ka, da 'yan kasuwar da ke lissafin buhu ɗari ba alƙalami, da miliyoyin masu karanta rubutu biyu, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu. Kai kuma mai karatu, ka gwada na Gwaggo a gidanka yau da daddare, da boko da ajami. Kwali ɗaya, alƙaluma masu launi biyar da agogon wayarka sun isa.